Kwanuka Biyar da Iya Ta Bari

Bazara ce, irin wadda tun da hantsi rairayi ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba a Gure. Damina ta ɗauke da wuri, gero ya yi tsada tun ba a gama sussuka ba, kuran kuma, wato wutar lantarki, ya zama baƙo, ya leƙo ya koma. Masu firigo a unguwarmu sun zubar da miya har sun gaji. Cikin wannan zafi ne, ran wata Litinin, Allah ya karɓi ran uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Iya.

Ina wurin aiki, a likita, wato asibiti, inda nake awon yara. Na ɗora wani jariri bisa ma'auni ke nan aka leƙo aka ce in zo gida, yanzu. Ko nauyinsa ban rubuta a karne, katinsa na awo, ba. Na hau kabu-kabu, kafin in iso an riga an rufe ta da zane. Ba ta yi jinya ba. Ta ce kanta na sarawa, ta shimfiɗa tabarma a inuwar itacen bedi, shi ke nan. Kafin la'asar an kai ta.

Kowa ya san ba a girki a gidan rasuwa, maƙwabta ke kawowa. Sun kawo, Allah ya saka musu, amma shekara ce da kowa ke auna hannunsa. Da yamma motar mutanen Bune ta iso, dangin Iya, can kuma sai ga na Kelle, dangin marigayi mijinta. Gida ya cika har zaure, kwanukan maƙwabta suka ƙare, rabin mutane ba su sa komai a baki ba. Na tsaya tsakar gida na rasa abin yi. Sai autar Iya, wadda ke koyarwa a lakwal, makarantar bokon wani ƙauye kan hanyar Kelle, ta kama hannuna ta ce, "Matar Yaya, ba jiya kuka yi Lahadi ba?"

Yin Lahadi, a bakin gidanmu, shi ne dafa abincin mako gaba ɗaya a ajiye. Jiya kuwa mun yi.

Muka shiga ɗakin ajiya. Kwanuka biyar na jere cikin rairayi mai laima, kowanne da murfinsa, yadda ta jera su da hannunta. Buhun busasshen burabusko na rataye a ƙusa. Muka kwashe muka kai gidan maƙwabciya, muka tafasa ruwa, muka turara burabusko, muka saki miyar. Abincin kwana biyar na mutum bakwai ya tafi a zama ɗaya, kuma ya isa.

Wata daga cikin matan Kelle ta lashe yatsa ta ce, "Wace maƙwabciya ce mai wannan hannu? A nuna mini ita in yi mata godiya."

Auta ta ce, "Iya ce."

Matar ta dubi hannunta, ta dubi kwanon, ta janye a hankali ta goge a bakin zane. Inna, ƙanwar Iya da ta zo daga Bune, ta jawo kwanon gabanta, tana ci hawaye na zuba, tana cewa, "Gishirinta ne. Wallahi gishirinta ne." Daga bayan ɗaki na ji wata tsohuwa, ba zan faɗi ko wace ce ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ko da ta mutu sai da ta ciyar da mu kwanannen abinci." Wasu suka yi dariya cikin mayafi. A zaure kuma, da labari ya kai kunnen Yaya Babba, ɗan farin Iya, wan mijina, sai ya sa aka dawo da kwanon da ke gabansa. Amma wanda ya dawo da shi ya raɗa mini cewa wannan na biyu ne, na farko an riga an suɗe.

Kwana uku ina zaune ina karɓar gaisuwa. Kowa ya durƙusa sai ya ce, "Allah ya jiƙanta, mace ce mai haƙuri." Ina cewa amin, amma a raina na san ba ita suke faɗa ba. Iya ba ta da haƙuri. Ni ce mai haƙuri a gidan nan, ita kuwa wuta ce. In suka koma gefe kuma sai zance ya sauya: ita ce ta koya wa matan unguwa ƙiwa, ita ce ta sa maza cin abin da ya kwana. To, tsakanin mai haƙurin da ba ita ba da mai ɓata matan da ba ita ba, na ga za a binne Iya sau biyu. Shi ya sa na ɗauko kaye da bik, littafi da abin rubutu. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, rubutuna ba na malamai ba ne, amma abin da na gani da idona zan iya jera shi.

Na shigo gidan nan ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Bayan haihuwata ta uku aka buɗe ajin manya a unguwa, bayan la'asar. Iya ce ta kwance mini goyo ta ɗaura a bayanta, ta ce, "Tafi. In kin dawo ki karanta mini abin da ke jikin kwalin maganin nan, na gaji da roƙon ƴaƴan mutane." Shekara biyu ina zuwa. Da aka nemi macen da ta iya karanta lamba ta kuma rubuta ta, don awon yara a likita, aka ɗauke ni.

Watan farko na sha wuya. In fita da safe, in dawo da la'asar sakaliya a gajiye, sannan in fara surfe. Tuwo ba ya sauka sai yara sun yi barci da yunwa, a tashe su suna ci suna gyangyaɗi. Maigidana ba mai magana ba ne, amma fuska ma tana magana. Iya kuwa gwiwoyinta da kafaɗunta sun riga sun ƙi dakan kullum. Ran wata Juma'a na zauna bakin murhu na ce mata, "Iya, zan mayar musu da rigarsu ta aiki. Ba zan iya ba."

Ba ta dube ni ba. Tana tsinke zogale ta ce, "Kin taɓa ganin matafiyi ya sauke kaya tsakar hanya ya kafa turmi?"

Na ce a'a.

"To ke ma tafiya kike. Litinin kike tashi, Juma'a kike sauka. Wa ya ce ki tashi babu guzuri?"

Marigayi mijinta fataucin kanwa ya yi, da raƙuma, daga kwaruruwan nan namu zuwa kasuwannin kudu. Tafiyar kwana ashirin, wani lokaci fiye. Shekara talatin ita ke haɗa masa guzuri, shi da abokan tafiyarsa. Ta ce, "Kwana ashirin cikin rana, a bayan raƙumi, bai taɓa dawo mini da ciwon ciki ba. Kwana biyar a inuwar ɗaki ne zai gagare ni? Gobe ki tashi da wuri."

Haka muka fara yin Lahadi, ko da yake tun Asabar yake farawa.

Asabar ta hatsi ce. A yi surfe, a wanke, a shanya, a kai inji a barzo tsaki, a ware gari daban. Iya ta turara tsakin har ya nuna, sannan a baza shi bisa tabarma a rana ya bushe ƙarau. Wannan burabusko in ya shiga buhu sai ya yi wata bai san an yi ba, ranar ci ɗan yayyafi da ɗan turarawa kawai yake so. A haɗa garin ɗanwake da kukarsa a ajiye, kanwa sai ranar kwaɓi. A daka tukuɗi, gero da dabino da cuku, na karin safe, kowa ya ɗiba ya dama nasa.

Lahadi ta wuta ce. A ɗora babbar tukunyarta ta biki. Albasa kwando guda, busasshen tumatir, tattasai, daddawa, man gyaɗa. A yi ta soyawa har ruwan ya ƙone, mai ya taso sama. In na yi gaggawar saukewa sai ta ce, "Ba ki ji tana surutu ba? Miya in tana surutu da sauran ruwa a bakinta. Jira ta yi shiru." Nama in an samu a soya shi daban har ya bushe, in ba a samu ba busasshen kifi ko ƙuli-ƙuli. Sannan a raba kwano biyar. Ba a rufewa sai ya huce sarai. A kwarara mai a sama ya rufe fuskar miyar, a binne gindin kwanukan cikin rairayi a kusurwar ɗaki, a riƙa yayyafa wa rairayin ruwa safe da yamma.

Kwanukan nan ba ɗaya suke ba, a nan gwanintarta take. Na Litinin da ganye a ciki, da sauran laushi. Daga nan kullum gishiri da mai na ƙaruwa, laima na raguwa, har na Juma'a ya zama kamar dambu. "Mai saurin mutuwa shi ake fara ci," in ji ta. Dokarta biyu ce. Kwanon da aka buɗe ba ya kwana. Kuma na Litinin ba ya gaisawa da na Alhamis, wato ba a buɗe kwano kafin ranarsa, balle a sa masa ludayi.

Da farko da zare take gane su, ƙulli ɗaya na Litinin, biyu na Talata, har biyar. Wata rana na ce bari in rubuta sunayen ranaku bisa murafen da fenti. Ta ce, "Zarena ya taɓa ɓatar da ke?" Amma ta bar ni na rubuta. Bayan mako kaɗan na shigo na tarar ta tsuguna tana bin rubutun da yatsa tana motsa baki. Ta ji motsina ta ce tana duba ƙura ne. Kalmomi biyar ɗin nan su kaɗai Iya ta iya karantawa a duniya, kuma in baƙuwa ta zo sai ta san yadda ta yi ta ce, "Miƙo mini wancan, wanda aka rubuta Laraba. Ba ki gani ba? Ga shi nan a rubuce."

Da Auta ta fara aiki ta ce za ta saya mata firigo. Iya ta nuna kusurwar ɗaki ta ce, "Kin taɓa jin an ce rairayi ya ɗauke?"

Da wannan tsari, in na dawo daga aiki ruwa kawai nake ɗorawa. Kafin a kira magariba yara sun ci sun wanke hannu.

Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba. Abincin Alhamis bai kai na Lahadi daɗi ba, yarana sun sha tura baki. Takan ce musu, "Daɗi na Lahadi ne. Alhamis ƙoshi ake nema." Kuma ran Lahadi ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. In aka aiko goro sai ta ce a gaishe su, za ta zo Litinin. Mutane da yawa sun riƙe ta da wannan, wasu har yau. In ka shigo gidan ran Lahadi don hira, kafin ka gama gaisuwa an miƙa maka wuƙa da albasa. In ranta ya ɓaci sai ta bar Hausa ta koma Barbarci, mu da ba mu ji sosai mun dai san ba addu'a take mana ba.

Rigimarta da Yaya Babba ni ce sanadi. A shekara ta biyu da fara aikina, cikin bazara irin wannan, ran Talata miya ta gaza mini don abokan aikina sun biyo ni gida. Na leƙa ba kowa, na buɗe kwanon Alhamis na ɗebi kaɗan da ludayin da ke hannuna, jiƙaƙƙe, na mayar da murfi. Na ce wa zai sani. Ran Alhamis Yaya Babba ya yi baƙi, abokan cinikinsa daga Damagaram, matarsa ba ta nan, ya aiko a kai musu abinci daga sashenmu. Ina sauri, ban shinshina ba, na saki miya na aika. Ashe ta yi tsami. Baƙi suka yi loma ɗaya suka ce alhamdulillahi, sun ƙoshi.

Da suka tafi ya shigo ya tsaya tsakar gida. Ya ce an kunyata shi, gidan ubansa ya zama gidan da ake ba baƙo abin da ya kwana huɗu, duk don mace na son a kira ta ma'aikaciya. Ya ce daga yau a daina. Ina ɗaki, na miƙe zan fito in ce ni ce. Iya ta hango ni ta labule, ta yi mini alama da hannu in zauna.

Iya ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban idonsa ta yi masa magana ba. Don haka sai ta juya masa baya, ta jawo babbar tukunya tana kankare gindinta, ta shiga yi wa tukunya magana.

"Tukunya, kin ji wai an kunyata wani. Ni ce na rufe kwanon da zafi, tsufa ne, a yi haƙuri. Amma tukunya, tambayar mini mai maganar, da wane abinci aka yi ƙashinsa? In ubansa ya dawo daga kudu, wa ke rarrafowa yana wawurar ragowar guzurin kwana ashirin a bakin jaka? Lokacin ba a ji ya ce ya kwana ba."

Yaya Babba ya ce, "Iya, ba haka nake nufi ba."

"Tukunya, ce masa yarinyar nan yara take aunawa. Ƴaƴan mutane, har da nasa guda biyu. In ta zauna tana hura wuta sau uku a rana, shi zai je ya riƙe ma'aunin? In zai je, ga rigar can a rataye, fara ce, za ta yi masa kyau."

Na ji maigidana ya yi tari a zaure, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi. Yaya Babba ya juya ya fita. Bai sake tayar da maganar ba tana raye.

Da yamma ta kira ni ɗakin ajiya, ta miƙo mini kwanon Alhamis, ba a wanke ba.

"Shinshina."

Na shinshina.

"Ƙara."

Na ƙara.

"To riƙe wannan warin a hancinki. Ya fi duk faɗan da zan yi miki."

Na ce, "Iya, ashe kin san ni ce?"

Ta ce, "Kwanona ba ya tsami da kansa. Ɓera kuma ba ya mayar da murfi."

Ba ta faɗa wa kowa ba. Yau ni nake faɗa, da rubutuna, don a cire wannan daga kanta. Iya ba ta taɓa rufe kwano da zafi ba.

Bayan wannan ne mata suka fara zuwa, ɗaya-ɗaya, kowace da dalilinta na ƙarya, aron rariya ko neman wuta. Malamar lakwal, mai sayar da kayan miya a kasuwa, matan da ke sammako zuwa lambunan kwari ba sa dawowa sai rana ta faɗi. Iya ta dube su sama da ƙasa ta ce, "Ajiye rariyar, zauna. Mutum nawa ne a gidanki?" Wata ta ce mata, "Iya, mai gidana ya ce shi ba ya cin abin da ya kwana." Ta ce, "Yana cin kilishi?" Ta ce yana ci. "Daddawar da ke miyarsa, jiya aka haife ta? Je ki, kada ki yi masa gardama. Ki zuba masa da zafi, ki bar bakinki a rufe." Ta koya musu kyauta, da faɗa a kai. Auta kuma kowace Litinin da sassafe takan ɗaure nata ƙananan kwanuka a bayan moto, wato babur, ta tafi ƙauyen da ba a cin kasuwa sai mako-mako. Waɗannan su ne matan da aka ce ta koya wa ƙiwa. Ina so mai faɗin haka ta zo ta tsaya bakin wuta daga safe zuwa la'asar, Lahadi ɗaya tak, sannan mu zauna mu yi maganar ƙiwa.

Lahadinta ta ƙarshe ba ta bambanta da sauran ba. Mutane na tambayata ko ta bar wasiyya, ko ta yi wata magana mai nuna ta sani. Abin da na fi tunawa, ta ɗaga yankin albasa sama ta ce, "Wannan albasa kika yanka ko takalmi kike wa jaki?" Da rana ta take na ce ta koma inuwa, ni zan ƙarasa. Ta ce, "In na koma inuwa wa zai hana ki ƙona mini daddawa?" Ta zauna bisa ƴar kujerarta har aka sauke. Allah ya sanyaya mata makwanci, ita da ta sha zafin wuta dominmu, ya yafe mata kaifin harshenta don alherin da ke bayansa.

Inna ta zauna da mu har arba'in, ita ke girki kullum, ni kuma bayan bakwai na koma aiki. Ba a yi Lahadi ba ko sau ɗaya, kwanukan na kife. Arba'in ta faɗo ran Juma'a. Bayan an shafa addu'a baƙi sun watse, Yaya Babba ya tara mu tsakar gida da la'asar don raba kayan ɗakin Iya, tunda Inna za ta bi motar safe.

Aka raba zannuwa, aka raba tabarmi. Babbar tukunya ya ce a ba Inna ta tafi da ita Bune, ta riƙa tuna ƴar'uwarta. Kwanuka biyar aka raba wa ƴaƴanta mata. Sannan ya gyara zama. Bai dube ni ba, ƙanensa ya duba.

"Saura magana ɗaya. Wannan girki na mako, mai shi ta tafi, shi ma ya tafi. Na yi shiru ne don uwa ce. Tsohuwa ta wuni bakin wuta cikin wannan zafi, washegari ta faɗi. Ban ce laifin kowa ba ne. Amma ba za a sake ba a gidan nan. Inna gobe za ta tafi. Iyalinka ta zauna ta riƙe gidanta kamar kowace mace, a dafa a ci da zafi. Likita ba za su rasa mai awo ba."

Ban ce laifin kowa ba ne. Wannan ce ta shige ni, don ni ma na tambayi kaina ba sau ɗaya ba cikin kwana arba'in ɗin nan. Da na matsa mata ta koma inuwa fa? Da tun farko ban karɓi aikin ba fa? Na saci kallon Yaya Babba, na ga idonsa ya yi ja. Uwarsa ce, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba, yanzu kuma ba za ta kira ba. Ban ji haushinsa ba. Amma na san Iya ba wadda ake sakawa ba ce, ba kuma wadda ake hanawa ba. Ba wuta ce ta kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. In aka yarda girkin ne, an mayar da abin da ta fi alfahari da shi ya zama kuskurenta, kuma an mayar da ni bakin murhun da ta ɗaga ni daga kai.

Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, "An ji, Yaya."

Auta ta ce, "Ni dai kwanon da ya faɗo rabona a nan zai zauna."

Yaya Babba ya ce, "Ke yarinya ce."

"Yarinyar da abincin nan ya riƙe shekara shida a ƙauye."

Inna ta ce, "Ku bari, ƙasarta ba ta gama bushewa ba." Sannan ta ce tukunyar za ta yi mata nauyi a mota, a ajiye mata, in ta shirya za ta aiko a ɗauka. Ta faɗi haka tana duban ƙasa. Ba a saba jin muryata a taro ba, kuma ba ranar zan fara ba.

Bayan magariba na kai wa maigidana ruwa. Na ce, "Ka hana ni zuwa aiki?"

Ya juya moɗar a hannunsa. "Yaya ne. Ba zan mayar masa da magana cikin mutane ba."

"Ban ce ka mayar ba. Tambaya na yi. Kai ka hana?"

"Kin ji na hana?"

"Ban ji ba."

"To."

Ya sha ruwansa. Can ya ce gero na nan a buhu, zai kai tiya takwas.

Washegari Asabar. Na yi sallar asuba, na raka Inna bakin hanya ta hau mota. Na dawo na sauko da kwanuka huɗu daga cikin na jeren aurena, waɗanda ba a taɓa ci a cikinsu ba, na haɗa da na Auta, na wanke na kife bisa tabarma su sha rana. Na auni gero tiya huɗu na yayyafa masa ruwa. Na mirgino turmi zuwa gindin katangar da ta raba sashenmu da na Yaya Babba, don nan ne ƙasar ta fi tauri, nan ne kuma inuwar safe take. Na yi bismillah na saki taɓarya.

Da safiyar Asabar unguwa shiru take, sautin turmi na zuwa nesa. Ban yi lugude don a ji ba, ban kuma sassauta don kada a ji ba. Na yi surfe yadda ake surfe. Auta ta fito ta ɗauki taɓarya ta biyu.

Muna cikin turmi na biyu na ji sallama. Yaya Babba ne, da carbi a hannu, ya tsaya bakin ƙofa. Na jingine taɓarya, na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, ina kwana, ina gajiyar baƙi, ya ƙarin haƙuri. Ya amsa duka. Ya dubi geron da ke ƙwarya, ya dubi kwanukan da ke tabarma.

Ya ce, "Ba ki ji maganata ta jiya ba?"

Na ce, "Na ji, Yaya."

Ya jira in ƙara, ban ƙara ba. Na jira ya shigo ko ya tafi, bai yi ko ɗaya ba. Gero kuwa in an jiƙa shi ba ya jiran kowa. Na miƙe, na gyara ɗaurin zanena, na ɗauki taɓarya.